Yadda mai zanen kwalin kaya zai bar lissafin awa ya koma farashi ɗaya

Mai man gyaɗa a Garwa ko mai kilishi a Ngaundare ba ya son jin "awa kaza na yi". Nawa ne, shi ke nan. Ga yadda za ka yanke masa kuɗi tun farko.

1. Duba ayyukanka na baya. Takardar manna wa kwalba awa nawa take ci, har da zaman WhatsApp da zirga-zirgar maɗaba'a? A ce awa 10 ne, kana karɓar sefa 3,000 a awa, 30,000 ke nan. Ɗora kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗaukewar wuta da kuɗin data.

2. Raba farashin: na takardar kwalba daban, na leda daban, na kwali daban.

3. Rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, don a nan rigima take tashi. Zane biyu ya zaɓi ɗaya, gyara sau biyu, rubutu da Faransanci da Turanci, fayil ɗin PDF a launin CMYK (tsarin launin da maɗaba'a ke bugawa da shi) da rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. In kayan za su tsallaka Kuseri zuwa Njamena, Larabci zai shigo, wannan wani aikin ne. Gyara na uku kuwa, irin "Alhaji ya ce a ƙara ja", da kuɗinsa.

4. Karɓi rabi kafin alƙalami, ta hanyar tura kuɗi a waya, Orange Money ko MoMo. Fayil ba ya fita sai cikon ya shigo.

5. Kuɗin bugawa kada ka cusa shi ciki, farashin takarda ba ya zama wuri ɗaya.

6. Tsofaffin abokan ciniki ka sanar da su wata guda kafin ka canza.