Yadda Ake Gane Mai Nutso Ya Shiga Matsala

Wanda ruwa ke shirin ci ba ya ihu. Ɗan numfashin da ya rage masa bai isa kiran kowa ba, kuma sau da yawa daƙiƙa 20 zuwa 60 kawai yake yi a sama kafin ya nutse. Don haka idan aka sa ka gadin mai nutso da tukunyar iska, a dam ɗin Kubanni ne ko a kogin Galma da ke Zariya, idonka ne zai yi aikin.

Fara tun a bakin ruwa. Wanda ya cika surutu ba gaira ba dalili, ko ya yi tsit yana ta kunce ɗamarar da ya riga ya ɗaura, tsoro ne ke cinsa. Ka ja shi gefe ka tambaye shi, ban da gaban jama'a, don namiji ba zai amsa a nan ba.

Da ya shiga, sai ka bi kumfa. Ruwanmu da damina ja ne, taku biyu ba ka ganin mutum. Mai natsuwa kumfarsa kan taso ta tsaya, ta sake tasowa. Idan ta koma tafasa ba tsayawa, haki yake yi. Idan ta ɗauke gaba ɗaya, kada ka jira.

In tare kuke a ƙasa, duba idanunsa ta cikin gilashi: sun firfito, yana kallonka amma bai san kana wurin ba. Ya shimfiɗa tafi yana karkaɗawa, akwai damuwa. Ya gitta hannu a maƙogwaro, iskarsa ta ƙare, miƙa masa bututunka na biyu na shaƙar iska. Babban yatsa sama kuwa nufinsa "mu hau", mutane da yawa kan ɗauka "lafiya lau" ne.

Ya ɓullo ya ture gilashin zuwa goshi, ya tofar da bututun, yana dukan ruwa? Jefa masa igiya ko jarka mai murfi. Kada ka je ta gabansa, zai danne ka.

Bayan ya fito ma ka sa masa ido har awa 24. Ciwon gaɓoɓi, jiri, ko hannu ya mutu alama ce iskar naitirojin ta yi kumfa a jini saboda saurin tasowa. A kwantar da shi, a ba shi iskar oksijin in akwai, a nufi Asibitin Koyarwa na Shika, a gaya wa likita zurfin da ya kai da lokacin da ya fito.