Yadda za ka canja man giyabos da na aksul a gida

Kusan kowane mai mota ya san lokacin canja baƙin mai, amma man giyabos da na aksul sai a shekara biyar ba a waiwaye su ba, sai ranar da mota ta fara gurnani daga baya ko giya ta ƙi shiga. Alhali aikin bai fi na baƙin mai wuya ba. Inda ake yin ɓarna guri biyu ne: zuba man da bai dace ba, da zuba shi ƙasa ko sama da ma'auninsa.

Fara da sanin irin motarka. Idan tayoyin gaba ne ke jan ta, kamar Corolla, Camry, Golf ko Peugeot 406, to difaranshal ɗinta, wato haƙoran da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar dama da ta hagu, yana haɗe da giyabos, kuma a mafi yawansu mai ɗaya suke sha, ba ka da aksul na baya da za ka canja wa mai. Idan kuwa tayoyin baya ne ke tura ta, kamar Hiace, ko mai jan ƙafa huɗu kamar Hilux da Land Cruiser, akwai giyabos, akwai aksul na baya, sannan a masu ƙafa huɗu akwai difaranshal na gaba da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kowannensu da mansa da notinsa.

Batun mai

A jikin galan ɗin man giya za ka ga lamba iri biyu. Ɗaya ta kauri ce, kamar 75W-90, 80W-90 ko 85W-140. Ɗayar kuma ta daraja ce, GL-4 ko GL-5. Haƙoran aksul suna gugar juna da matsi mai tsanani, shi ya sa suke buƙatar GL-5, wanda ke ɗauke da sinadarin sulfa mai yawa. Wannan sinadarin ne ke ba man warin nan mai hawa kai. Amma a cikin giyabos na hannu akwai zobbai na farin ƙarfe mai ruwan tagulla waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma wasu mayukan GL-5 suna cinye su a hankali ko su sa su santsi har giya ta riƙa ƙara idan za ta shiga. Don haka idan littafin motar ya ce GL-4, to a tsaya a kan GL-4. Wasu tsofaffin Hilux littafinsu ya yarda da kowanne daga cikin biyun a kaurin 75W-90. Honda kuwa man giyarta na hannu daban ne, mai ruwa-ruwa, an rubuta MTF a jikinsa.

Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu a garejinmu, ta zuba mai lamba 140 a komai don a ce ya kashe ƙara. A aksul ɗin motar da ke ɗaukar kaya cikin zafin bazara yana da amfani. A giyabos kuwa cuta ne: da safiyar hunturu za ka yi ta kokawa da giya ta biyu, kuma man ba ya isa cikin boris, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da sanduna ke juyawa a cikinsu, da wuri. Mai kauri yana rufe ƙara ne kawai, ba ya gyara haƙorin da ya ci. Sannan man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san sunansa ba balle darajarsa, a bar shi. Sayi wanda murfinsa ke liƙe.

In aksul ɗinka irin wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai idan ta zame ne, wanda ake rubuta LSD a jikinsa, sai ka nemi man da aka rubuta LS ko LSD. In ba haka ba motar za ta riƙa kakkarwa daga baya duk lokacin da ka sha kwana a hankali.

Kayan aiki da ɗaga mota

Kana buƙatar soket da doguwar sandarsa (notin aksul da na giyabos a Hilux yawanci lamba 24 ne, na difaranshal ɗin gaba kuma ɗan makulli mai kusurwa shida lamba 10), sabbin washa, faffaɗan kwano mai cin lita biyar, tsumma, buroshin waya, da famfon hannu na zuba mai. In babu famfo, tiyo mai tsawon mita ɗaya da mazurari sun isa, wani ya riƙe daga sama.

Tuƙa motar kamar minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya tashi. Ajiye ta a daidaitaccen daɓe, ja birkin hannu, tokare tayoyi. Hilux da Hiace suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinsu ba tare da ɗagawa ba. In dole sai an ɗaga, a ɗaga gaba da baya daidai, a ɗora a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Daidaiton motar ba don tsaro kaɗai ba ne: ramin zubawa shi ne ma'auni, in mota ta karkata ma'aunin ya yi ƙarya.

Aksul da giyabos na hannu

Kowannensu yana da noti biyu, na zubawa a gefe wajen tsakiya, na tsiyayewa a ƙasa. Goge kewayensu da buroshi, don ƙurar da ta haɗu da maiƙo tana iya faɗawa ciki.

Kwance na zubawa tukuna. Wannan shi ne sharaɗin da ba a tsallakewa. In ka fara tsiyaye man sannan na sama ya ƙi kwancewa, ko kansa ya murje, ka zauna da motar da ba mai a cikinta kuma ba hanyar zubawa. In ya yi tauri, tabbatar soket ɗin ya zauna sosai, ka ɗan buga ƙarshen sandar da tafin hannu maimakon jan ta a hankali. Soket mai kusurwa shida ya fi mai sha biyu riƙo. Sufanar da ake ƙara wa baki ita ce ta fi murje kan noti.

Kafin ka tsiyaye, sa ɗan yatsa a ramin ka ji inda tsohon man ya tsaya. In ba ka taɓo shi ba, akwai inda yake yoyo, kuma gara ka nemo gurin yanzu: sil (robar da ke hana mai fita) na inda farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul, ke shiga, ko bayan tayoyi.

Sai ka kwance na ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye kamar minti goma sha biyar. Duba kan notin. Akwai maganaɗisu a jikinsa, kuma shi zai gaya maka lafiyar abin da ke ciki. Laushin toka-toka da ke narkewa tsakanin yatsu ba komai ba ne, cin yau da kullum ne. Ɓarɓashin da kake jin kaifinsa, ko gutsuren ƙarfe mai sheƙi, alamar boris ko haƙori ya fara tafiya ne, sabon mai ba zai tsayar da shi ba. Ƙyalli mai ruwan zinare a man giyabos daga zobban nan yake fitowa. In kuma man ya fito kamar shayi mai madara, ruwa ne ya shiga.

Ruwan nan yana da hanyarsa. A saman aksul akwai ɗan mashaƙin iska mai hula. Idan mota ta shiga kwazazzabo ko kududdufi da damina aksul na da zafi, sanyin ruwa yana sa iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta mashaƙin ko ta sil. Duk motar da ruwa ya shanye aksul ɗinta a duba manta a makon, ba sai lokaci ya yi ba. Haka in laka ta toshe mashaƙin, zafi yana tara matsi ya turo mai ta sil har ya jiƙa takalman birki. Juya hular da yatsa, in ba ta motsi a kwance a wanke da kananzir.

Goge maganaɗisun, sa sabuwar washa, ɗaura notin da hannu har ya zauna kafin ka sa ƙarfe. Washar tana lotsewa ne sau ɗaya ta toshe, tsohuwa ba ta sake yi, shi ya sa mutane ke ƙara matsewa har su cinye zaren ramin da notin ke shiga. Jikin giyabos na alminiyam ne, ba ya jure wannan. In kana da sandar auna ɗauri, Hilux tana son wajen 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a aksul na baya, 37 Nm a giyabos.

Zuba sabon mai a hankali har ya fara lallaɓowa ta bakin ramin. Dakata ya daina zuba ya koma ɗiga, sannan ka rufe. Aksul na baya da giyabos a irin waɗannan motoci kowanne yana cin tsakanin lita 2 zuwa 3 da ɗoriya, akwatin raba ƙarfi kuma wajen lita 1. Kada ka karkata mota don ta ƙara sha. Man da ya wuce ƙima kumfa yake yi, ya yi zafi, ya nemi hanyar fita.

Giyar atomatik

Nan man giya na aksul ba shi da guri ko kaɗan. Man atomatik shi ke matse faifan kuloci na ciki, kuma kowane kamfani da nasa: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, tsofaffin motoci da yawa Dexron III suke sha. Masu giyar CVT, wato atomatik mai aiki da bel maimakon haƙoran giya, nasu daban ne gaba ɗaya, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, zuba musu man atomatik na gama-gari yana sa bel ɗin ciki ya riƙa zamewa har giyar ta mutu. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar gwaji, wadda ake zarowa a duba yawan man. Jan launi ba shaida ba ne.

Idan ka kwance notin ƙasa, wajen lita 3 ne za ta fito daga cikin lita 7 ko 8, sauran yana maƙale a ciki. Auna abin da ya fito, ka mayar da daidai shi ta bututun sandar gwaji da siririn mazurari mai tsabta. Zare ɗaya na tsumma yana iya maƙale bawul, don haka a kula. Tayar da inji, taka birki, bi da giya ta kowane matsayi kana tsayawa daƙiƙa uku, ka dawo P. Bayan ka tuƙa ta yi zafi sai ka gwada: a Toyota inji na aiki, a yawancin Honda kuwa nan take bayan an kashe shi. In man ya yi duhu sosai, maimaita sau uku da tazarar 'yan kwanaki na tuƙi, hakan zai sabunta kusan kashi 80 cikin 100. Wannan ya fi wanke giya da inji mai matsi, musamman a motar da ta daɗe ba a taɓa ta ba.

Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, giya kuma ta riga ta fara zamewa, faifan ne suka ƙone, a kai wa bakaniken giya. Man da ya koma ruwan hoda mai kauri kuma ruwan lagireto ne ya ratsa ta na'urar sanyaya man, sai an canja lagireto kafin a yi maganar mai. Sabbin motocin da ba su da sandar gwaji ana daidaita mansu ne ta wani ƙaramin noti a wani takamaiman zafi, wajen digiri 40 a wasu, kuma sai da na'urar karanta zafin. In ba ka da ita, wannan kam a bar wa gareji.

A yanayinmu na zafi da ƙura da lodi, canjawa duk bayan kilomita 40,000 zuwa 60,000 ya wadatar, motar haya da mai ɗaukar kaya su tsaya a na farkon. Motar da aka sayo ta hannu a canja mata da zarar ta zo, don ba a san tarihinta ba. Bayan aiki goge ko'ina ya bushe, tuƙa kilomita goma, ka leƙa ka ga ko noti na gumi, ka sake leƙawa washegari. Rubuta kilomita da irin man da ka zuba a takarda ka ajiye a mota. Tsohon man a juye shi a galan a kai gareji, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.