Ga sababbin zuwa Koriya ta Kudu: kada ku amsa sunan Ba'amurke

A bana kaɗai na raka samari huɗu neman gidan haya a Dongducheon, garin da ke da barikin sojan Amurka, kuma uku daga cikinsu sun maimaita kuskuren da ya ci mini kuɗi da kwanciyar hankali a shekarata ta farko. Batun katin zama na baƙi, wanda ake nema kafin cikar kwana 90 da shigowa, da layin waya da katin shiga jirgin ƙasa, abubuwa ne da kowane ɗan'uwa a masallacin unguwar Itaewon da ke birnin Seoul zai nuna maka a yini ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne wajen masu gida.

Duk baƙar fatar da ya shiga ofishin dillalin gidaje a garin da ke maƙwabtaka da barikin sojan Amurka, tambayar farko da za a yi masa ita ce "Miguk saram?", wato ko shi Ba'amurke ne. Lokacin da aka yi mini ita na gyaɗa kai, domin na ɗauka hakan zai ƙara mini daraja. Dillalin ya kai ni gidajen da aka tanada wa sojoji, waɗanda hukumarsu ke biya musu haya, na sa hannu a kan kuɗin da ya fi ƙarfin albashina, na kuma zuba kuɗin ajiya mai yawa ba tare da na kai takardar yarjejeniya ofishin unguwa an buga mata hatimin kwanan wata ba, alhali wannan hatimi da rajistar adireshi su ne ke kare ajiyar ɗan haya. Da na nemi tashi, sai da na yi wata biyar ina zarya kafin a mayar mini da wani ɓangare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata tsohuwa da ke ƙasan benenmu, wadda na yi wata takwas ina rusuna mata kowace safiya tana kau da kai. Na yanke hukuncin cewa ƙyamar launin fata ce kawai, kuma ba na musun cewa akwai ta a ƙasar nan.

Finafinansu ne suka buɗe mini ido. Hukumar adana finafinai ta Koriya ta ɗora tsofaffi da dama kyauta a YouTube, kuma ina roƙon kowane sabon zuwa ya fara da Obaltan na Yu Hyun-mok, wanda ya fito a 1961, shekara takwas bayan tsagaita wutar yaƙin Koriya ta 27 ga Yulin 1953. Labarin yana faruwa ne a Haebangchon, unguwar da 'yan gudun hijira daga arewa suka kafa a gindin dutsen Namsan, tafiyar ƙafa daga Itaewon inda muke sayen naman halal. Magidancin ma'aikacin ofis ne da ke yawo da ciwon haƙori saboda ba shi da kuɗin cirewa; ƙaninsa tsohon soja ne da ya rasa aiki har ya shiga fashin banki; ƙanwarsu tana bin sojojin Amurka domin a ci abinci a gida; mahaifiyarsu kuwa, wadda yaƙi ya taɓa wa hankali, tana kwance tana ta ihun "Gaja!", wato mu tafi. Wanda ya ga yadda magidancin ya je ofishin 'yan sanda karɓo ƙanwarsa, suka fito kowa ya sunkuyar da kai, zai gane irin kunyar da sa'o'in tsohuwar nan suka haɗiye. Fim ɗin Kim Ki-duk na 2001, Suchwiin Bulmyeong, ya fi kusa da mu, domin yaron da ke cikinsa ɗan wani baƙar fatar soja ne da ya koma Amurka, uwar tana ta aika wasiƙu ana dawo da su, mutanen gari kuma suna tsangwamar ɗan.

To amma kada ka ɗauka ƙiyayya ce zalla. Gukjesijang na 2014, wanda mutane fiye da miliyan 14 suka kalla a silima, ya buɗe da yadda jiragen ruwan Amurka suka kwashe fararen hula daga tashar ruwan Hungnam da ke Koriya ta Arewa a Disambar 1950, kuma dattawa da yawa na tuna wannan da godiya har gobe. Su ɗin dai ba su manta da 'yan mata biyu 'yan makaranta da motar sulke ta Amurka ta take a Yangju a Yunin 2002 ba, da yadda kotun soja ta wanke direban motar da kwamandanta. Har yanzu akwai sojan Amurka wajen 28,500 a ƙasar. Godiya da ɗaci suna zaune a zuciya ɗaya, kai kuma da ka zo karatu ko aikin masana'anta ba ka da dalilin ɗaukar wannan kaya a kanka.

Saboda haka, ɗan'uwa, faɗi gaskiyar ƙasarka tun daga bakin ƙofa, ko Nijeriya ce ko Nijar ko Ghana. Haushi nake ji idan na ga yaron da ya sauka jiya yana lanƙwasa harshe yana kwaikwayon sojoji, alhali 'yan'uwanmu da suka riga shi sun yi shekaru suna gina suna da biyan haya a kan lokaci da zaman lafiya da maƙwabta. Muna da abin faɗa namu: limaman rundunar Turkiyya da ta zo yaƙin ne suka shuka Musulunci a nan, kuma masallacin da muke Juma'a an buɗe shi tun 1976. Idan abokan aiki suka gayyace ka cin budae jjigae, ka ba da uzuri cikin ladabi, domin miyar ta samo asali ne daga naman gwangwanin barikin soja a shekarun yunwa, kuma akwai alade a cikinta.

Tsohuwar nan ta fara amsa gaisuwata ne bayan da jikanta ya gan ni da babbar riga ranar Sallah ya tambaye ni ƙasata. Washegari ta tsayar da ni a matakala ta ce "Bap meogeosseo?", wato ko na ci abinci, sannan ta tambaye ni ko mu ma an taɓa yin yaƙi a ƙasarmu. Na ce mata an yi, daga 1967 zuwa 1970.