Yadda Za Ka Bincika Ko Babur Ɗinka Ya Zo da Aibi Daga Masana'anta

Ba kowace lalacewar babur ce laifin hanya ko laifin mai tuƙi ba, domin akwai aibin da babur yake zuwa da shi tun daga masana'anta, ya kwanta shiru har sai ranar da aka matsa birki a kan gangara. A Amurka da Turai, idan kamfani ya gano irin wannan aibi mai barazana ga rayuwa, doka tana tilasta masa ya sanar da hukuma, ya aika wa masu babur ɗin takarda, ya kuma gyara kyauta. A wajenmu babur yakan canja hannu sau uku ba tare da an canja sunan da ke kan takarda ba, saboda haka ko an yi kiran mayarwa, wato kamfani ya nemi a kawo babura a gyara aibin, da wuya labarin ya iso kunnen wanda yake hawa. Binciken ya rataya a wuyan mai babur.

Ka fara da lambar shasi, wadda aka buga a jikin ƙarfen wuyan babur, ƙasa da kan da ake riƙewa. Ka juya kan zuwa gefe, ka goge ƙura da tsumma, ka haska da fitilar waya, sannan ka kwafe ta a takarda. Tun daga 1981 wannan lamba take ɗauke da haruffa da alkaluma 17, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Farkonta yana nuna ƙasar da aka ƙera babur ɗin: J na Japan ne, L na Sin, MD kuma na Indiya, inda Bajaj da TVS suka fito. Ka gwada ta da wadda ke kan rasidi da takardar rajista, idan ka ga sun saɓa ko ka ga alamar an kankare ƙarfen an sake bugawa, to kada ka biya kuɗi.

Idan babur ɗin na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, musamman manyan nan na Honda, Yamaha, BMW ko Harley-Davidson, ka shigar da lambar a shafin kamfanin, ko kuma, idan daga Amurka ya fito, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran ababen hawa ta ƙasar, nan take za a nuna maka ko akwai gyaran da aka yi kira a kansa ba a yi ba. Kada ka raina wannan mataki. A farkon 2018 Harley-Davidson ya yi kiran mayar da babura kimanin 250,000 ƙirar 2008 zuwa 2011, saboda tsohon man birki yana shan danshi ya tara datti a cikin na'urar ABS, mai hana taya kullewa idan an matsa birki da ƙarfi, har birki ya daina kamawa. A watan Mayun 2021 Royal Enfield na Indiya ya yi kiran babura 236,966 saboda aibi a koyil ɗin wuta. Babur ɗin da ya bar ƙasarsa kafin a gyara shi yana nan da aibinsa.

Amma da yawa daga cikin baburan da ke kan titunanmu a kwali suke zuwa, a harhaɗa su a bakin shago, wani lokaci da hannun yaron da bai daɗe da fara koyon aiki ba. A ganina nan ne haɗari ya fi yawa, kuma nan ne ake ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba. Kafin ka bar wurin dila, ka sa bakanike wanda ka yarda da shi ya bi notunan tayar gaba da ta baya, da na wuya, da na inji, ya tabbatar an sa ɗan ƙarfen da ke kulle noti inda aka tanada masa rami. Ka ɗora babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka juya taya da hannu ka saurara ko birki yana goga, ka riƙe tayar gaba ka jijjiga ta gaba da baya ka ji ko wuya yana ƙwanƙwasawa. Ka duba walda a inda ƙarafa suka haɗu, domin fentin da ya tsage a kan walda yakan zama alamar ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fara tsagewa. Ka kuma bar shi ya kwana a kan busasshen siminti, da safe ka duba ko fetur ko baƙin mai ya ɗiga.

Hanyar bambance aibin masana'anta da lalacewar yau da kullum ita ce maimaituwa. Idan abu ɗaya yana lalacewa da wuri a kan babura da yawa masu ƙira ɗaya da shekara ɗaya, alhali masu su ba hanya ɗaya suke bi ba, to matsalar daga tushe take. Masu acaba da bakanikan da ke yi musu gyara sun fi kowa sanin wannan, don haka ka tambayi mutum uku ko huɗu a tasha daban-daban, kada ka tsaya ga maganar mai sayarwa.

Game da amincin kamfanoni, binciken da mujallar Consumer Reports ta Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa cikin shekara huɗu, kashi 11 cikin 100 na baburan Yamaha ne suka sami babbar matsala, Honda da Suzuki kashi 12, Harley-Davidson kashi 26, BMW kuma kashi 40. Wannan ma'aunin manyan baburan can ne, ba na Boxer ko Haojue ba. Yawan kiran mayarwa ma ba hujja ba ce ta rashin inganci, domin kamfanin da ya fito ya amsa aibinsa ya fi wanda ya yi shiru. A nan abin dubawa shi ne samun kayan gyara na asali, da wurin gyara na kamfanin a garinku, da garanti a rubuce.

Idan ka tabbatar da aibi, ka ajiye babur ɗin in ya shafi birki, wuya ko yoyon fetur, kada ka bari a kwance shi a gareji kafin dila ya gani, domin hakan yana iya rushe garanti. Ka ɗauki hoto, ka tafi da rasidi da lambar shasi, ka nemi a rubuta ƙorafinka da kwanan wata. Idan dila ya ƙi saurara, a Najeriya hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙara ta shafinta na intanet da ofisoshinta.