Bayan an cire maka ƙoda saboda kansa: inda za ka riƙa sa ido

Shekara 11 da cire mini ƙodar hagu, ina gyaran gemu gaban madubi sai na ga ɗan ƙullutu a gaban wuyana, yana hawa yana sauka in na haɗiyi yawu. Na ce maƙoƙo ne. Ashe tsohuwar kansar ƙodar ce ta ɓulla a tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya.

Da farko, ka adana takardar sakamakon gwajin naman da aka cire, ka ɗauki hotonta a waya. Ita ke nuna nau'in kansar da matakinta. Duk likitan da ka je wurinsa, ko na haƙori ne, ka gaya masa an taɓa cire maka ƙoda saboda kansa, ko da shekara 20 ke nan. Ni ban faɗa wa likitan da ya duba wuyana ba, shi ma bai tambaya ba, muka ɓata watanni.

Wannan kansa jini take bi. Wuraren da ta fi sauka su ne huhu, ƙashi, hanta da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake maka hoton CT na ƙirji da ciki lokaci-lokaci. Kada ka tsallake ko ɗaya don kana jin garau, domin babu gwajin jinin da ke tona ta.

Amma tana da ɓatan kai. Takan sauka a fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin mai daidaita sukari a jini, sau da yawa bayan shekara 10, kuma shiru ba ciwo. Takan fito a fatar kai kamar jan ƙurji mai saurin zubar da jini, ko a harshe, ko cikin hanci ta zo da haɓo mai yawan dawowa ta kafa ɗaya. Mace ta lura da jini ba lokacin al'ada ba, namiji kuma da kumburin maraina. Ka riƙa shafa tabon tiyatar ma, har da ƙananan hujojin da aka zura kyamara in da ita aka yi maka tiyatar.

In ka ga ƙullutu, kada ka matsa, kada ka bari a tsaga shi a matsayin ƙurji. Cike yake da jijiyoyin jini, yana iya ɓarkewa. Sai an yi hoto tukuna, sannan a ɗebi nama a gwada.

In wuri ɗaya ta fito, sau da yawa akan iya yanke ta. Nawa rabin tayirod aka cire, wata shida bayan haka na koma hoto.