Idan fayawol ta biyu ta ƙi karɓar aiki

Masu haɗa intanet a ofisoshin Kano sun sha tambayata kan fayawol guda biyu na pfSense (na'urorin da ke tsaron hanyar intanet ta ofis) masu adireshi ɗaya na tarayya ta hanyar CARP, tsarin da ke sa ta biyu ta karɓi aiki idan ta farko ta mutu: a kashe ta farko, intanet ya ɗauke. Ga yadda za ka bi.

1. Buɗe shafin CARP a kowace fayawol. Ya kamata ɗaya ta nuna MASTER (mai aiki), ɗayar BACKUP (mai jiran gado).
2. Idan duka biyun sun nuna MASTER, ba sa jin juna ke nan. Duba kebul da suwic tukuna.
3. Kwatanta lambar VHID (lambar shaidar adireshin tarayyar) da kalmar sirrin CARP a fayawol biyun. Dole su zo ɗaya a kowane ɓangare.
4. Duba advskew, lambar da ke tantance wadda za ta zama MASTER. Ta farko 0, ta biyu 100. Mai ƙaramar lamba ita ke shugabanci.
5. A fayawol ta biyu, kunna tcpdump (manhajar ganin saƙonnin da ke wucewa), ka nemi saƙonnin CARP da ke zuwa 224.0.0.18. In babu, mai yiwuwa suwic ne ke haɗiye su saboda IGMP snooping, tsarin suwic da ke tace irin waɗannan saƙonni.
6. Duba adireshin ƙofar fita (gateway) a kwamfutocin ma'aikata.

Hattara: nan aka fi yin kuskure. Sai ka tarar an sa adireshin fayawol ta farko maimakon na tarayyar. Haka ma a dokar NAT ta fita, wadda ke zaɓar adireshin da ake fita intanet da shi. Gyara duka biyun.

7. Tabbatar pfsync, mai kwafe bayanan haɗi tsakanin fayawol biyun, na tafiya a kebul ɗinsa daban, don kada kira ya tsinke lokacin sauyi.
8. Raba wa fayawol biyun inbata. Biyu a soket ɗaya, a garin da ake ɗauke wuta kullum, aikin banza ne.
9. Bayan sallar isha'i, zare kebul ɗin ta farko kana yin ping (gwajin haɗi), ka ga ko ta biyu ta karɓi aiki.