Wutar wankin injin kafe ta ƙi mutuwa? Duba waɗannan kafin ka kai shi wajen mai gyara

Wancan satin yayata da ke zaune a Sabon Gari ta kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu ƙare ba ta ce "ƙanena dan Allah in ka taso ka biyo ka duba min injin kafen nan, sau biyu ina wanke shi amma ƴar wutar nan tana nan tana ƙiftawa, ko dai ya lalace ne?" Na ce Yaya kar ki taɓa shi kuma kar ki bari yara su kai shi kasuwa, ina zuwa. Injin na hannu ne maigidanta ya sayo, babu notis, wato takardar bayanin yadda ake amfani da shi, babu kwali, irin waɗanda yanzu suka yi yawa a biro-biro da gidajen ma'aikata nan Damagaram. Da na je na tarar lafiyarshi ƙalau, kuma ta wanke shi da gaske, abu ɗaya ne kawai, shi injin bai san an wanke shi ba.

To wannan ita ce maganar da nake so kowa ya fara riƙewa. A yawancin injinan nan wutar ba ido ba ce, ba ta leƙa cikin bututu ta ga ko akwai datti ko babu. Lissafi take. Injin yana ƙirga yawan ruwan da ya ratsa ta cikinshi ko yawan kofin da aka buga, in ya kai adadin da aka sa mishi sai ya kunna wuta. Injin Senseo misali wutar wankinshi mai rubutun CALC tana kamawa bayan kofi kamar 400, Dolce Gusto kuma wutar tana komawa ruwan lemu bayan kamar 300. Kenan ko ka zuba maganin wanki ka yi ta danna buton ɗin kafe har tanki ya ƙare, wallahi bututun zai wanku, amma a wajen injin kafe kawai ka dafa, ka ma ƙara mishi lissafi. Wutar ba ta mutuwa sai ka shiga tsarin wanki nashi na musamman, kuma ka bar shi ya kai ƙarshe da kanshi.

Shi dattin kuwa kowa ya san shi ko da bai san sunanshi ba. Ka leƙa gindin butar da ake dafa ruwan shayi a fada, wannan farin ɓawon da ya kama ƙarfe kamar an shafa farar ƙasa, shi ne. Masu faransanci suna ce mishi kalker. Ruwa yana ɗauko sinadarin kalsiyam da magneziyam daga ƙasa da duwatsun da ya ratsa, in aka zafafa shi sai su fita daga ruwan su daskare, kuma asalinshi ɗaya da alli. A buta ba wata matsala ba ce ka kankare, amma a injin kafe hanyar ruwan siririya ce sosai, in ɓawon ya taru sai ruwa ya riƙa fita ɗis-ɗis, kafe ya fito da ɗumi-ɗumi ba zafi ba, famfon ciki ya riƙa gurnani fiye da da. Shi ya sa ba na son abin da wasu ke yi na neman dabarar kashe wutar kawai ba tare da wanki ba. Za ta mutu, amma ɓawon yana nan, ranar da ya toshe hanya gaba ɗaya kuɗin gyara ya fi na magani nesa.

Yanzu yadda ake shiga tsarin wankin, kowane kamfani da nashi, har a kamfani ɗaya samfuri ya bambanta da samfuri. A ƙananan Nespresso masu buton biyu, ana danne su biyun tare na sakan 3 sai su fara ƙiftawa da sauri, kuma in an gama sai an sake danne su tare kafin ya fita daga tsarin, mutane da yawa nan suke mantawa sai su ce wuta ta ƙi tsayawa alhali injin yana jiran a sallame shi ne. Senseo ma buton ɗin kofi ɗaya da na kofi biyu ake haɗawa. Dolce Gusto da yawa sai an kashe shi sannan a danne buton ɗin kunnawa na sakan 5. De'Longhi Magnifica tana da nata buton ɗin wanki da ake dannewa sakan 5 sannan a buɗe wajen fitar tururi, aikin yana ɗaukar kusan minti 25 kafin a zo ɗauraya, Philips masu niƙa kuma wajen minti 30. In naka babu notis, ɗaga shi ka duba ƙasanshi akwai ƴar takarda mai lambar samfuri, rubuta lambar a intanet za ka samu notis ɗin da faransanci kyauta, ka sauke a waya ka ajiye. Kar ka bi bidiyon wani samfuri don kawai sun yi kama.

Amma abin da ya kama Yaya, kuma na tabbata shi ke kama mafi yawanmu a garin nan, ɗauraya ce. Mu mutanen Zinder ba ma wasa da ruwa, garin bisa dutse yake, ruwan da muke sha daga waje ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arungusa da Ganaram, kuma wanda ya taɓa jiran ɗan garuwa tun asuba a watan zafi ba zai iya tsayawa yana kallon lita biyu na ruwa mai kyau suna zuba a roba haka kawai ba. To sai ta zuba rabin tanki ta ce ai ya isa. Shi kuwa injin ba ya ganin ya isa, yana da adadin ruwan da yake jira ya wuce kafin ya yarda an ɗauraye. A De'Longhi ma a rubuce yake, in ba ka cika tanki har layin MAX ba zai sake neman wata ɗaurayar, wutar kuma tana nan. Saboda haka tun kafin ka fara ka tanadi ruwa, ni ina ware kamar lita 4 zuwa 5 a bido daban. Ka fitar da tankin ka wanke shi tas don kar sauran magani ya rage, ka cika shi har layi, ka mayar, ka bar injin ya zuƙe da kanshi har ya tsaya. Kar ka ɗaga tankin a tsakiya, kar ka kashe don ka ga ruwan ya fito fari. Ruwan ɗaurayar ƙarshe ba asara ba ne, ana iya wanke tsakar gida da shi ko a zuba a makewayi, na farko mai magani dai a zubar nesa da yara da awaki.

Sai wutar lantarki. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san yadda bazara take. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar wanki, injin ba ya lissafa wannan a matsayin an yi, wani in wuta ta dawo zai ci gaba daga inda ya tsaya, wani kuma sai ka faro daga farko. Kuma abin da ya fi damuna ba ƴar wutar ba ce, maganin da ya kwana cikin bututu ne. In haka ta faru da wuta ta dawo ka zubar da abin da ya rage a tanki, ka sa ruwa mai kyau ka ratsa shi, kar kowa ya sha kafe kafin nan, sannan ka sake wankin cikakke. Ka zaɓi lokacin da ka san unguwarku ta fi samun wuta, ko ka yi shi a biro inda akwai gurup. Ban ba da shawarar a jona shi a ƙaramin ondilar na kwamfuta, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ba, injinan nan suna jan wat sama da 1000 lokacin da suke zafafa ruwa, ba zai ɗauka ba.

Maganar magani. Wanda kamfanin ya yi shi ne ya fi kwanciyar hankali in ka samu ko wani zai taho maka da shi daga Yamai ko Kano, yawancinsu asid laktik ne ko asid sitirik. Asid sitirik kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne ɗan tsamin da mata ke sa wa zoɓo, kuma Senseo da kansu shi suka ce a yi amfani da shi, giram 50 a lita 1 na ruwa. Sai dai ka narkar da shi sosai a wani kwano tukuna, kar ka zuba garin kai tsaye a tanki, kuma ka duba notis ɗin naka ko ya yarda da shi. Binegir mutane na son shi don yana da sauƙin samu, amma kamfanoni irin Philips sun hana, yana cin robobin ciki kuma warinshi ya daɗe bai fita ba. Abin da nake roƙo da babbar murya, kar a zuba ruwan batir, kar a zuba abin wanke masai, kuma kar a kusanto da jabel. Jabel in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulor mai guba, a ɗaki rufe tana iya kwantar da mutum. Abin da za ka sha ne fa zai bi ta wannan bututun.

In tankinka yana da filtir a ciki, cire shi kafin ka zuba magani, in ba haka ba zai sha maganin ya riƙa sakin shi cikin kafe. Bayan wanki ka mayar.

To idan ka yi duk wannan daidai kuma wutar tana nan fa? Akwai ƙananan abubuwa da nake dubawa. Na farko tankin kanshi, a injina da yawa akwai wani ɗan abu mai maganaɗisu da ke yawo bisa ruwa a gefen tanki, shi ke faɗa wa injin ruwa ya ƙare ko ya cika. Kalker da yashi suna maƙale shi wuri ɗaya, sai injin ya kasa gane cewa tanki ya zama fanko, wankin kuma ba ya rufewa. Girgiza tankin babu ruwa, in ba ka ji ƙwas-ƙwas ba jiƙa shi cikin ruwan ɗan tsami na ɗan lokaci har ya saki. Sannan ka tabbata tankin ya zauna daram, da farantin da ke tare ruwa a ƙasa, da akwatin tukar kafe, ɗaya in bai shiga ba injin ba ya motsi. Akwai kuma iska, in tanki ya ƙare ƙaf famfon yakan zuƙi iska sai ka ji ƙara amma ruwa ba ya fita, cika tanki ka buɗe wajen ruwan zafi ko ka buga ba tare da kapsil, wato ɗan kwanson garin kafe, ba har ruwa ya dawo yana zuba daidai. Ƙurar hunturu ma tana shiga ƙarƙashin buton, sai ka danne biyu ɗaya ne kawai ya kama, cire daga soket ka goge da tsumma mai ɗan laima ka bari ya bushe. Kuma a duba da kyau ko wutar wanki ce ma, don na sha ganin wanda ke ta wanki alhali wutar akwatin tuka ce ko ta ƙarancin ruwa, alamominsu ƙanana ne kuma suna kusa da juna.

In injin ya shekara biyu uku ba a taɓa wanke shi ba, irin na hannu da ba ka san tarihinshi ba, wanki ɗaya ba lallai ya isa ba. Za ka ga ruwan yana fitowa da fari-fari da ƴan gutsattsari, ka sake zagaye na biyu da sabon magani. Cire filogi na minti kaɗan ka mayar yakan warware in kwakwalwar injin ce ta rikice, amma ba ya share lissafin, don haka kar ka dogara da shi.

Wani abu kuma da kusan babu mai taɓawa, saitin nauyin ruwa. Manyan injina masu niƙa suna da matakai, De'Longhi 4 ne, kuma da yawa suna zuwa a saite bisa mataki mafi nauyi, shi ya sa wutar ke saurin dawowa har mutum ya zaci ba ta mutu ba ne. Akwai ƴar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa na sakan ɗaya, bayan minti ɗaya sai ka ƙirga gidajen da suka canza launi ka saita injin daidai da su. Nan garin wannan yana da muhimmanci don ba ruwa ɗaya muke sha ba, yau na famfo gobe na foraj jibi na rijiya da ɗan garuwa ya kawo, wani har zartsi gare shi sabulu ba ya kumfa da kyau. Shawarata ka zaɓi ruwa ɗaya ka tsaya a kanshi don injin, ka bar shi ya kwanta a bido, ka tace da ƙyalle mai tsabta saboda yashi, sannan ka gwada wannan ruwan. Kar kuma ka sauke saitin ƙasa don kawai wutar ta daina damunka alhali butarka tana yin fari cikin sati biyu.

Inda nake cewa a tsaya a nemi mai gyara shi ne in ruwa yana tsiyaya ta ƙasan injin, ko kana jin ƙaurin waya, ko famfo yana ƙara amma ko ɗigo ba ya fita bayan ka fitar da iska. Nan ko na'urar da ke auna ruwan ta toshe ko tukunyar ciki ta cushe, kuma buɗe shi ba aikin gida ba ne, akwai wutar lantarki mai volt 220 da ruwan zafi mai matsi a ciki.

Na Yaya dai bai kai can ba. Mun jira bayan la'asar da wuta ta zauna, muka shiga tsarin wanki, muka cika tanki har layi sau biyu tana tsaye tana kallon robar tana cewa "ƙanena duk wannan ruwan?", na ce Yaya bari ya gama. Da ya zuƙe na ƙarshe ya yi shiru, wutar ta mutu, ta ɗauki robar ta je ta wanke ƙofar gida da ruwan. Na rubuta mata lambar samfurin da ranar wankin a ƴar takarda muka manna a gefen firij.